Kalmomin Azabar Lahira a Wa'azin Kirista na Hausa

Maƙasudin wannan sharhi shi ne a duba kalmomin da masu wa'azin Kirista ke kwatanta makomar mai zunubi da su a tsakanin Maguzawan ƙasar Malumfashi da Funtuwa, har zuwa karkarar Tsiga. Ikilisiyar ECWA, wadda ta fito daga mishan na SIM a 1954, tana riƙe da aƙidar madawwamin hukunci. Amma Hausar da ake isar da aƙidar, tun zamanin fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932 wadda Dokta Walter Miller ya yi wa aiki, ta malamai ce, watau Lahira, Jahannama, azaba, duk aron Larabci.

A nan matsala biyu suke. Ta farko, Sheol a Ibrananci mazaunin matattu ne baki ɗaya, salihi da mugu, Jahannama kuwa asalinta Kwarin Hinnom ne, a gefen Urushalima. Mai wa'azin da ya gwama su wuta guda ya ɗora wa nassi abin da bai faɗa ba. Ta biyu, Bamaguje ya riga ya saba jin kalmomin nan a bakin maƙwabtansa Musulmi, waɗanda a wurinsu mumini mai saɓo yakan fita daga wuta daga bisani. Ke nan mai wa'azi yana nufin dawwama, mai sauraro yana iya jin wa'adi.

Saboda haka wajibi ne a fayyace kalma tukuna, sa'an nan a tsoratar da mutane da ita.