“Kuna Ji Na?”: Gwanintar Masu Haɗa Taron Duniya Daga Samaru

Ƙarfe bakwai na safe bai cika ba na shiga ɗakin taron, na tarar babu kowa sai jerin kujeru da wani matashi durƙushe yana bin wata shuɗiyar waya da salatif, yana manne ta da daɓe taku bayan taku don kada ƙafar wani ta fizge ta. Sai ƙarfe goma za a buɗe taro. A Samaru ta Zariya ne, taron malaman fannin ilimi ne, kuma da yawa daga cikin masu gabatar da maƙala ba sa Najeriya: wani yana Malesiya, wata tana Ingila, wasu suna Yamai da Akara. Babu wanda za a tarbo a filin jirgi, babu wanda za a kama wa ɗaki a masauki. Duk da haka baƙi ne, kuma wannan matashin da abokan aikinsa biyu su ne masu masaukinsu. Tun daga ranar nake kallon aikin nan da idon girmamawa.

Zariya ba baƙuwar baƙin ilimi ba ce. Tun zamanin da almajirai ke niƙo gari daga nesa su zo birni karatun nahawu, har zuwa 4 ga Oktoba 1962 da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, ilimi a garin nan ƙafa yake bi ya iso. Sabon Gari ma albarkacin jirgin ƙasa ya kafu, wajen 1911 zuwa 1912 da layin dogo ya ratsa ya nufi Kano. Wanda zai koyar ya zo, wanda zai koya ya zo. Shekarar 2020 ce ta tsinke wannan igiya. A ranar 27 ga Fabrairu aka tabbatar da korona ta shigo Legas, kafin ƙarshen Maris an rufe makarantu, jihar Kaduna ta shiga kulle, ga yajin aikin malaman jami'a da ya ɗauki wata tara. Duniya ta koma magana ta allo. Kamfanin Zoom da kansa ya ce masu shiga taro ta manhajarsa a kullum sun tashi daga miliyan 10 a Disambar 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilun 2020.

Samaru ba ta shiga wannan yanayi hannu rabbana ba. Akwai cibiyar kwamfuta mai ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978, akwai cibiyar karatu daga nesa, kuma jami'ar tana cikin guda huɗu na Najeriya da Gidauniyar MacArthur ta Amurka ta shafe shekaru tana tallafa wa a baya, har da ɓangaren sadarwar zamani. Amma gini da na'ura ba sa haɗa taro. Mutum ke haɗawa, kuma abin da ya fara koya shi ne lissafin agogo.

Ƙarfe goman safe a Zariya ƙarfe biyar ne na yamma a Kwala Lamfur, biyu da rabi na rana a Delhi, sha biyu a Makka, amma a Niyok asuba ce, biyar ko huɗu gwargwadon watan da ake ciki. Don haka gwanin tsara jadawali yakan ba mutanen gabas safiya, ya ajiye wa na Amurka bayan Azahar, ya kuma san cewa tsakanin Azahar da La'asar ɗan taƙi ne da ba ya ɗaukar dogon jawabi, ranar Juma'a kuwa nata lissafin daban. Akwai wani tarko da ya kama mutane da yawa. Mu agogonmu ba ya motsi duk shekara, amma Turai suna tura nasu gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris su dawo da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, Amurka kuwa ranakunta daban ne. Landan da ke daidai da mu a watan Yuli tana bayanmu da awa guda a watan Janairu. Shi ya sa matashin nan ba ya aika wa kowa lokacin Najeriya kaɗai. Kowane mai jawabi da lokacin garinsu ake rubuta masa, a sake tuna masa ana gobe.

Inda gwanintar ta fi burge ni shi ne wajen sauti. Sabon shiga kyamara yake fara nema, ya ƙawata bango, ya gyara fitila. Tsohon hannu kunne yake fara yi wa hidima, domin ya san mutum zai iya jure wa hoto mai daskarewa na tsawon awa guda, amma murya mai yankewa ba ya jure mata na minti biyu. Lissafin ma yana bayansa: muryar mutum ba ta cin kilobit 100 a daƙiƙa, hoto mai kyau kuwa yana neman megabit biyu zuwa uku, ninki ashirin da ɗoriya ke nan. In layi ya yi rauni, abin da za a fara sadaukarwa hoto ne. Na ji shi yana roƙon wani babban malami da ke magana daga gida, cikin ladabi, da “ranka ya daɗe” a gaba, cewa ya kashe kyamararsa ya ci gaba. Nan take muryar da ke karkarwa ta miƙe tar kamar a cikin ɗakin yake.

Babban abokin gabar irin wannan taro shi ne amsa-kuwwa. Ga yadda take samuwa. Baƙo ya yi magana daga Landan, muryarsa ta fito ta lasifikar ɗakin taro, makirfon da ke kan teburin manyan baƙi ya tsince ta ya mayar masa, sai ya ji kansa yana maimaita abin da ya faɗa bayan rabin daƙiƙa. Babu malamin da zai iya riƙe zaren tunaninsa a haka. In kuma aka yi rashin sa'a wani a cikin ɗakin ya shiga taron da wayarsa bai rufe makirfonta ba, sai ka ji wannan ƙara mai tsinin da ke sa kowa toshe kunne. Maganin yana jikin miksa, na'urar nan mai maɓallai da yawa da ake haɗa sautuka a cikinta. Gwani yakan raba hanya biyu: ɗaya ta kawo muryar na nesa cikin ɗaki, ɗaya ta kai masa duk abin da ake faɗa a ɗakin ban da muryarsa shi kansa. Faɗarsa da sauƙi. Amma na ga yadda ya zauna da abin sauraro a kunne, yatsa a kan maɓalli, idonsa a kan bakin shugaban zama, yana ɗaga makirfo ɗaya daidai lokacin da za a buɗe baki yana sauke wani daidai lokacin da aka rufe. Irin kulawar makaɗin da ke bin mawaƙi ce, wanda ke jin inda baiti zai sauka tun kafin ya sauka. In ya yi daidai babu wanda zai waiwayo ya dube shi.

Sai wuta da layi, kuma a nan ƙa'idarsu ɗaya ce: kowane abu da na biyunsa. Kwamfutar da ke riƙe da taro ba ta dogara da intanet na iska, waya ake ja mata kai tsaye daga rauta, ita ce shuɗiyar wayar da na tarar ana mannewa. A gefe ga wata rautar mai layin wani kamfanin daban, a kunne, cike da data. Miksa da rauta da kwamfuta duk a kan inbata suke, ba don babu janareto ba, sai don 'yan daƙiƙun da ke tsakanin ɗauke wuta da tashin janareto sun isa su watsa taro. Kuma ba a bar ragamar taron a hannun kwamfuta ɗaya: akwai mataimaki a wani ginin daban da aka ba ikon riƙewa in ta farko ta faɗi. Rabin kayan nan daga shagunan Sabon Gari suke fitowa, wajen PZ, inda ana jibi taro za ka gan su suna gwada kebul ɗaya bayan ɗaya kafin su biya, don sun san kebul na jabu ba ya nuna halinsa sai an tara jama'a.

Wannan tanadi ba yawan tsoro ba ne. Muryar da ta tashi daga Samaru zuwa Turai sai ta gangara Legas ta shiga wayar da ke kwance a ƙarƙashin teku. Ta MainOne, wadda ta fara aiki a 2010, tsawonta ya kai kilomita 7,000 daga Fotugal. Haske yana gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa a cikin zaren gilashi, don haka wannan tafiya ba ta kai ƙiftawar ido ba, saɓanin zamanin da jami'o'inmu ke dogara da tauraron ɗan'adam mai nisan kilomita 36,000 a sama, inda sai ka yi magana ka jira. Amma a ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama, har bankuna suka ji a jikinsu. Wanda ya ga wannan rana ba ya sake zuba ƙwansa duka a layi ɗaya.

Na ga amfanin wannan shiri da idona a rana ta biyu ta taron. Watan Agusta ne, hadari ya haɗo daga gabas, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, aka ɗauke wuta ana tsakiyar jawabin baƙon Malesiya. Fitilun ɗaki suka mutu, majigi ya mutu, amma teburin matasan nan bai ko ƙifta ba. Can sai hoton baƙon ya daskare, bakinsa a buɗe. Matashin bai ɗago kai ba. Ashe tun mako guda kafin taro ya roƙi kowane babban mai jawabi ya naɗi jawabinsa a bidiyo ya aiko, kuma yana bin naɗaɗɗen a kwamfuta ta biyu shafi bayan shafi. Ya saki bidiyon daga daidai shafin da aka tsaya, abokinsa ya sauya layi, na ukun ya aika wa baƙon saƙo ta WhatsApp cewa ya kwantar da hankalinsa ya sake shigowa. Kafin bidiyon ya ƙare janareto ya tashi, baƙon ya dawo, ya amsa tambayoyi da bakinsa. Waɗanda ke kallo daga nesa da yawansu ba su san an yi wani abu ba.

Akwai kuma tsaron ƙofa. A 2020 ɓata-gari sun sha kutsawa tarukan intanet su watsa batsa da zagi, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: mahaɗin taro da aka baza a kowane zauren WhatsApp ba tare da kalmar sirri ba. Yanzu sai ka yi rajista, a aiko maka naka, ka tsaya a ɗakin jira a duba sunanka, ka shigo makirfonka a rufe. Mai son kallo kawai a tura shi YouTube ko Facebook, inda ake watsa taron kai tsaye. Mai wannan aiki shi ne kuma ke tattara tambayoyin da aka rubuto, ya miƙa wa shugaban zama, ya tabbatar na nesa bai zama ɗan kallo ba alhali na cikin ɗaki suna ta ɗaga hannu ana ba su dama. Wannan adalci ne, kuma ba kowane shugaban zama ke tunawa da shi ba sai an taɓa shi.

Ban ce allo ya maye gurbin haɗuwa ba. Hirar da ake yi a bakin ƙofa bayan an tashi, wadda sau da yawa ita ke haifar da aikin bincike na haɗin gwiwa, har yanzu na'ura ba ta iya kawo ta yadda ya kamata ba. Amma a dubi wanda ƙofar ta buɗe wa. Dalar da ke wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ƙaramin malami a kwalejin ilimi, ko ɗalibar digiri na uku mai goyo, ina za su ga kuɗin jirgi da masauki, balle wahalar biza? Yau tana iya zama a ɗakinta a Hayin Dogo ko Layin Zomo ta gabatar da bincikenta kan karatun yara da harshen uwa, malami a Alƙahira ya yi mata tambaya, wani a Yamai ya nemi adireshinta. Albarkacin mutum uku ne da ke zaune a bayan ɗaki.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗaukarsu. Sau da yawa kwamitin shirya taro yakan gama kasafin jaka da abinci da kyallen talla, sai ana saura kwana biyu a tuna a ce a kira “yaran kwamfuta”. Aikin nan yana son mako uku ko huɗu: a gwada kowane mai jawabi shi kaɗai, a ji makirfonsa, a ga hasken ɗakinsa, a karɓi bidiyonsa, a yi gwajin taro sukutum ana gobe. Ina kira ga shugabannin sassa da ƙungiyoyin malamai na Samaru da Kongo da sauran makarantun Zariya: ku sa su cikin kwamiti tun zaman farko, ku ware kuɗin data da mai da kebul mai kyau a kasafi, ku biya su haƙƙinsu kafin guminsu ya bushe, kuma ranar rufe taro, in an zo jawabin godiya, a kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya.