Hannun da bai manta ba: nazari a kan fim ɗin "Je me souviens mieux quand je peins"

A shekara ta 2009 Eric Ellena da Berna Huebner suka fitar da wani fim na gaskiya, wanda ba na wasan kwaikwayo ba, a kan amfani da zane wajen kula da masu cutar Alzayima. Ma'anar sunan fim ɗin ita ce "na fi tunawa idan ina zane", kuma maganar ta fito daga bakin mahaifiyar Berna ɗin, Hilda Gorenstein, wadda ke sa hannu a zanenta da sunan Hilgos. Ta yi karatun zane a Shikago, ta yi suna wajen zana teku da jiragen ruwa. Da tsufa ya zo, cutar ta kama ta, aka kai ta gidan kula da tsofaffi, ta daina kula kowa. Sai ƴarta ta nemo ɗaliban tsohuwar makarantarta suka riƙa zuwa suna zama da ita. Sannu a hankali ta koma ga alkalamin fenti, ta yi ta zane har kusa da rasuwarta a 1998.

Inda fim ɗin ya yi ƙarfi shi ne inda ya yi shiru. Na'urar ɗaukar hoto takan tsaya a kan hannun tsoho yana jan layi, fuskar da ta yi kamar babu kowa a bayanta ta ɗan saki. A nan mai kallo ba ya bukatar bayani, ko da muryar mai ba da labarin ta Olivia de Havilland ce. Likitoci suna da dalilin abin: cutar takan fara cin sashen ƙwaƙwalwa mai ajiye sababbin abubuwa, alhali gwanintar da ta zauna a hannu tana dogara da wasu sassa da kan daɗe kafin su lalace. Shi ya sa wanda ya manta abin da ya ci da safe zai iya riƙe fenti daidai.

Sai dai sunan fim ɗin ya yi alkawarin da hotunansa ba su cika ba. Abin da ido ke gani natsuwa ce, da fira, da mutum ya samu abin yi da abokin zama. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma ba dawowar tunani ba ne. Kuma Hilgos gwana ce tun ƙuruciya. Ɗora hukunci a kan kowa daga labarinta gaggawa ce. A 2018 ƙungiyar Cochrane ta tace binciken da aka yi a kan wannan hanya, ta samu gwaji 2 kacal da suka cancanta, masu mutum 60, ta ce hujjar ba ta isa a yanke hukunci ba. Fim ɗin ya riga wannan rahoto, ba za a zarge shi da ɓoye shi ba. Za a iya zarginsa da barin iyalai su fita da fatan da ya wuce abin da aka nuna masu.

Ƙungiyar raya al'adu da ke son nuna shi, ya kamata ta haɗa shi da zanen William Utermohlen, Ba'amurke mazaunin Landan, wanda aka gano yana da cutar a 1995. Shi ma bai ajiye fenti ba, ya shiga zana fuskarsa shekara bayan shekara. Zanen bai tsayar da komi ba. A na 1996 fuskar tana nan, da tsoro da fushi a ido. Bayan haka kunne ya fara kauce wa mazauninsa, launi ya rikice, domin cutar ta kai ga sashen da ke auna wuri da tazara. Likitocinsa sun wallafa bayanin a mujallar The Lancet a 2001, shi kuma ya rasu a 2007.

Abin da Hausa ke kira gigin tsufa, sau da yawa ana ganinsa kamar mutum ya riga ya tafi, saura gangar jiki. Ayyukan biyu sun ƙaryata wannan, amma na Utermohlen ya fi gaskiya, domin bai yi wa kowa alkawarin sauƙi ba. A zanensa na shekara ta 2000, wanda ya yi da fensir, kai ne kawai a kan takarda, idanu sun kusa ɓacewa, ga alamar gogewa inda ya share ya sake gwadawa.