Dukiya a Hannu, Hikima a Zuci: Nazari a kan Risalar Kilemen na Iskandariyya

Ɗalibin ilimin kwatanta addinai a ƙasar nan yakan auna matsayin Kiristanci game da dukiya da abin da yake ji na wa'azin wadata, irin wanda Benson Idahosa (ya rasu 1998) ya yaɗa daga birnin Benin, inda ake ɗaukar arziki a matsayin alamar yardar Ubangiji. Adalci kuwa ya wajabta a koma ga magabatan kowace al'umma kafin a yanke mata hukunci. Daga cikin tsofaffin rubuce-rubucen Kiristoci a wannan babi akwai gajeriyar risala ta Kilemen, malamin Iskandariyya ta Masar, wanda ya rayu daga wajen 150 zuwa wajen 215 Miladiyya. Da Girkanci ya rubuta ta, sunanta kuma tambaya ce a kan wane mawadaci ne zai tsira.

Risalar sharhi ce a kan Linjilar Markus, sura ta 10, aya ta 17 zuwa 31. A nan aka rawaito cewa wani mawadaci ya tambayi Annabi Isa (AS) hanyar samun rai madawwami, sai aka umarce shi ya sayar da abin da ya mallaka ya bai wa matalauta. Mutumin ya juya cikin baƙin ciki. Daga nan aka buga misalin raƙumi da kafar allura don nuna wuyar tsirar mawadaci. Wannan nassi ya jefa attajiran Kiristocin Iskandariyya cikin yanke ƙauna, su Kilemen yake yi wa magana.

Hujjarsa ta ginu ne a kan cewa abin da ake nema a sayar shi ne kwaɗayi da girman kai da suka mamaye zuciya. Ya ce rabuwa da dukiya kaɗai ba wata falala ba ce, domin wasu masana falsafar Girka, irin su Anaksagoras da Dimokiritus, sun yi haka tun kafin zuwan Almasihu. Ya kuma yi tambaya: in kowa ya talauce, wa zai ciyar da mayunwaci, ya tufatar da matsiraici? A wurinsa dukiya kayan aiki ce, mai hikima ya yi alheri da ita, wawa ya halaka kansa. Saboda haka ya shawarci mawadaci ya nemi wani bawan Allah da zai riƙa yi masa tarbiyya, yana faɗa masa gaskiya komai ɗacinta.

A nan ƙarfin risalar yake. Kilemen ya fifita sanin Allah da gyaran zuciya a kan wadata da talauci baki ɗaya, bai kuma taɓa mayar da arziki shaidar imani ba. Malami Musulmi zai tuna da muhawarar malamanmu a kan mawadaci mai godiya da matalauci mai haƙuri, wadda Ibnul Ƙayyim ya faɗaɗa a Uddatus Sabirin, inda ya kawo ra'ayin Ibn Taimiyya cewa mafificinsu shi ne wanda ya fi taƙawa. Zai kuma tuna yadda Imam Gazali ya kamanta dukiya da maciji mai ɗauke da dafi da magani. Misalin raƙumi da kafar allura ma ya zo a Suratul A'araf, aya ta 40, amma a kan masu ƙaryata ayoyi da girman kai.

Sai dai risalar tana da rauni ta fuska biyu. Na farko, tawilinsa ya yi wa nassin nauyi. Zahirin ruwayar ya danganta baƙin cikin mutumin da yawan abin da ya mallaka. Haka kuma da Bitrus ya ce su sun bar komai sun bi, sai Kilemen ya karkatar da maganar zuwa barin munanan halaye, bisa hujjar cewa abin da Bitrus ya mallaka bai taka kara ya karya ba. Kiristoci da dama ba su bi shi a kan haka ba. Atanasiyus ya ba da labarin Antoniyos, ɗan ƙasar Masar, wanda ya ji irin wannan nassi a coci a wajen shekarar 270, ya rabar da gonakinsa na gado, daga baya ya shige hamada.

Rauni na biyu ya fi girma. Ma'aunin da ya tsaya a zuciya kaɗai ba shi da mai tantance shi, kowane attajiri yana iya da'awar cewa dukiyarsa a hannu take. Kilemen ya kwaɗaitar da kyauta matuƙa, har ya siffanta ta da ciniki mai riba, amma bai yanke gwargwado ba, matalauci kuma ya kusa zama tsanin da mawadaci zai taka ya tsira. Shari'a ta toshe wannan kafa da nisabi da cikar shekara da kashi ɗaya cikin arba'in, ta mayar da rabon matalauci haƙƙi. Ta kuma taƙaita ɗaya ɓangaren: Manzon Allah (SAW) ya tsayar da wasiyyar Sa'ad bin Abi Waƙƙas (RA) a kan sulusi, ya shawarci Ka'ab bin Malik (RA) ya riƙe wani abu na dukiyarsa.

Duk da haka, wanda ya karanta risalar ba zai sake jingina wa'azin wadata ga Kiristanci gaba ɗayansa ba. Raunin da muka gano a cikinta kuma gargaɗi ne gare mu. Wanda yake da'awar zuhudun zuciya alhali bai ƙididdige zakkarsa ba, bai kuma damu da inda ya samo dukiyarsa ba, ya faɗa cikin ramin da ya hango wa waninsa. Allah ne Mafi sani.