Tsoro da Jarumta a Fim ɗin Zane na Courage the Cowardly Dog

1.0 Gabatarwa

Courage the Cowardly Dog fim ne na zane da John R. Dilworth ya ƙirƙira a Amurka, tashar Cartoon Network ta nuna shi daga 1999 zuwa 2002 cikin kashi 52. Wannan takarda za ta auna shi da ma'aunin tatsuniya, musamman don amfanin ɗaliban da ke nazarin Hausar Sudan.

2.0 Jigo da Tauraro

Labarin na wani ɗan kare ne da ke zaune da tsohuwa Muriel da mijinta Eustace a wani gidan gona tilo a jihar Kansas. Kullum sai wani abin tsoro ya ziyarce su: fatalwa, ko baƙon halitta daga sama, ko mugun mage mai suna Katz. Sunan karen yana nufin jarumta, alhali inuwarsa ma firgita shi take yi. A nan barkwancin yake, a nan kuma jigon yake. Bahaushe ya ce matsoraci ba ya zama gwani, fim ɗin kuwa ya musanta hakan, domin karen yana kyarma yana ihu, amma shi kaɗai ke shiga bakin halaka ya ceto Muriel.

Wanda ya kwatanta shi da Gizo ya yi kuskure. Gizo yana wayo ne don cikinsa, karen nan kuwa ƙauna ce ke tura shi. Ya fi kama da Auta, wanda ake rainawa a gida amma shi ke kashe Dodo. Eustace shi ne marowaci na tatsuniya. A labarin la'anar Sarki Ramses ya ƙi mayar da allon dutsen da aka sato daga kabari, saboda kwaɗayin kuɗi, har annoba uku ta sauka a gidan: ambaliya, da kiɗa mai kashe kunne, da fara.

3.0 Rauni

Raunin fim ɗin na farko maimaici ne. Eustace yakan sha hukunci, gobe ya dawo da halinsa, darasin ya bi ruwa. Na biyu ya fi nauyi. A dandali, kaka tana duban fuskar jikokinta, in ta ga tsoro ya yi yawa sai ta sassauta murya, kuma kowane yaro shi ke zana Dodonsa a zuci daidai ƙarfinsa. In ta ce "ƙurunƙus", an rufe ƙofa. Akwatin talabijin ba ya duban fuskar kowa, hoton kuma yakan bi yaro har shimfiɗa.

4.0 Batun Fassara

A ɗauki misalin yaro a Mai Wurno, garin da Muhammad Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya kafa a gaɓar kogin Bulu Nil bayan yaƙin Burmi na 1903, ko a ƙauyukan Hausawa na Jazira. Larabci ne harshen makarantarsa da kasuwarsa, kamar yadda Al-Amin Abu-Manga ya nuna tasirinsa a kan Hausar Sudan a littafinsa na 1999. Mai fassara masa fim ɗin zai tarar da matsala biyu. Kare ba shi da daraja a idon Bahaushe, balle a ɗora shi a cinya cikin ɗaki. Sannan in aka bar sunan da Turanci, gatsen ya ɓace. Sunan da ya dace shi ne irin "Barde" ko "Sadauki", don yaro ya yi dariya tun kafin karen ya fara gudu.

5.0 Kammalawa

Ƙarfin fim ɗin shi ne ya raba tsoro da ragwanci, abin da karin maganar Hausa ta haɗe su wuri guda. Ɗalibi zai amfana in ya zaɓi kashi ɗaya ya mayar da shi tatsuniya da baki, ya lura da abin da ya rage na tsoro bayan hoton ya tafi.