Wayar Ƙarƙashin Ƙasa: Kare Ya Huta da Sarƙa, Mu Mun Huta da Fargaba

Jama'a, ku ba ni aron hankalinku, domin yau yabo zan yi, kuma ba zan sassauta murya ba. A cikin kayan zamanin da suka ratsa ta hannuna tun da na zo Ikko neman abinci, babu wanda ya burge ni kamar wata siririyar waya da ake binnewa a ƙasa, ta shata wa kare iyaka. Ba bulo, ba keji, ba sarƙa. Kare ya taho a guje, ya iso wani wuri da kai ba ka ga komai ba, ya ja birki, ya juya abinsa. Wallahi ko sau nawa na gani sai na yi murmushi. Allah ya yi wa wanda ya ƙirƙiro wannan abu albarka!

Wanda bai san Apapa ba zai ce ina ruwan Bahaushe da shingen kare. To, a nan tashar jiragen ruwa take, ga ta Apapa ga ta Tin Can, kuma daga Ijora zuwa Marine Beach, daga titin Wharf zuwa titin Creek, tireloli da tankoki ne dare da rana. 'Yan Arewa muna cikin wannan hada-hada tsundum: direbobi, yaran mota, masu gadi, masu lodi, masu shayi, masu canji. Yawancin filayen da ake ajiye motoci da kaya suna da karnukan gadi, kuma ba irin karnukan farautarmu na gida masu siririn ƙugu ba. Alsatian ne, da Rottweiler, da Boerboel ɗin Afirka ta Kudu, wanda kansa kaɗai ya isa ya sa baƙo ya manta sallama. Mai kare yana can gidansa a kwance. Mu ne ke kwana mu tashi da dabbar.

Ga inda matsalar take. Katanga muna da ita, har da wayar lantarki a samanta domin ɓarayi. Amma get ɗin filin mota ba ya zama a rufe. Tirela ɗaya kafin ta gama juyawa ta shiga, an daɗe ƙofa na hangame, kuma a wannan lokaci kare ke samun kafar ficewa titi, ko mota ta take shi, ko shi ya cafki mai tallan burodi. Sa'an nan a cikin filin ga inda muke alwala, ga rumfar da muke shimfiɗa tabarmin salla, ga inda ake girki. Addini ya yarda a ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron gona, malamai da dama kuma sun haɗa da gadin gida. Duk da haka babu Musulmin da zai so ya ga kare ya tsoma baki a butarsa. Maganin da kowa ya sani shi ne sarƙa: a ɗaure dabba tun safe cikin zafin Legas har dare. Karen da ya wuni a ɗaure kuwa, da an kwance shi sai ya fito a fusace. Haƙƙin dabba ya hau kanmu, tsoro kuma bai bar mu ba.

Wannan waya ita ta raba gardama a filin da nake kula da shi. Wanda muka samu na kamfanin PetSafe ne, samfurin da suka yi domin karnuka masu taurin kai, kuma daga waje aka yi odarsa. Manyan abubuwa uku ne a cikin kwalin. Na farko ɗan akwatin da ake kafawa a bango cikin ɗaki a jona shi da wuta. Na biyu waya mai rufin roba, wadda za ta fita daga akwatin, ta zagaye filin da ka zaɓa, ta dawo cikin akwatin. Na uku abin wuya mai ɗauke da 'yar na'ura da batir. Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne, wayar nan ba ta jan kowa. Saƙon rediyo mai rauni kawai take fitarwa. Yaro ya taka ta, akuya ta kwanta a kanta, kai ka kama ta da hannu, babu abin da zai faru. Abin wuyan kaɗai ke jin saƙon. Idan kare ya kusanci iyaka, sai ya ji ƙara a wuyansa. In ya yi kunnen ƙashi ya ci gaba, sai ya ji ɗan tsunkuli na lantarki. Na ɗora shi a hannuna a matakin ƙasa don in san abin da zan sa wa dabba: kamar ɗan jan nan ne da kake ji idan ka taɓa ƙofar mota lokacin hunturu a Kano. Ya ba ka mamaki, bai ji maka ciwo ba.

Dabarar ma ba ta yau ba ce, mu ne labari bai iso mana da wuri ba. Wani ɗan kasuwa a jihar Pennsylvania ta Amurka, Richard Peck, shi ya ƙirƙiro ta a 1973, saboda yawan karnukan da yake gani motoci sun kashe a kan hanya. A 1976 John Purtell ya sayi haƙƙin ƙirƙirar, ya kafa harkar da aka sani da Invisible Fence, wadda daga baya ta koma hannun kamfanin Radio Systems na birnin Knoxville, masu PetSafe. Ka ga ke nan damuwar da ta haifi abin, wato kare da mota, ita ce damuwarmu a bakin titin Apapa zuwa Oshodi.

Yanzu ga abin da ya sa nake rawar kai. Waya ce, saboda haka duk yadda ka ga dama haka za ka lanƙwasa ta. Mun bi da ita gefen katanga, muka ja ta baya kaɗan daga get, muka kewaye rumfar salla da wurin alwala da murhu, duk suka koma wajen iyakar Duna, karen filin. Inda kuma kake son kare ya wuce ba tare da an tsunkule shi ba, sai ka murɗa wayar mai fita da mai dawowa su nannaɗe juna, saƙon ya kashe kansa a wurin. Kai, wannan hikima ta yi! Yanzu get na buɗe, tirela na shiga, Duna na tsaye daga ciki yana haushi, amma ko taku ɗaya ba ya ƙarawa. Ana sallar Magariba, yana kwance can nesa yana kallo.

Dattijon da ke ja mana salla ya tsaya yana duban wannan al'amari, sai ya kira ni gefe.

"Kai yaro, gaya mini gaskiya, wane malami ya yi muku wannan kafi?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, babu ko laya ɗaya. Waya ce a ƙasa."

Ya girgiza kai ya ce, "Ikon Allah. To, a bar masa ruwa a inuwa dai, shi ma bawan Allah ne."

Ga mai son saye, bari in zayyana abin da za a duba, domin iri uku ne a kasuwa. Akwai marar waya, wanda akwatinsa ke watsa saƙo a da'ira. Sauƙin kafawa gare shi, amma filayenmu ba da'ira ba ne, kuma manyan ƙarafa suna rikita saƙonsa. A unguwar da kwantena ke kan kwantena, wannan bai dace ba. Akwai mai aiki da tauraron ɗan'adam, irin su Halo da SpotOn. Suna da tsada, sun fi dacewa da gona mai faɗi, domin iyakarsu takan ɗan gusa, kuma a ƙaramin fili gusawa kaɗan ta isa ta kai kare bakin titi. Na binnewa shi ne gwanina, shi ne na Apapa, shi ne na Agege.

Duba tsawon waya. Kwalin yana zuwa da waya ƙafa 500, wajen mita 150, wadda ke zagaye sulusin eka. A ma'aunin Legas, inda fuloti yake ƙafa 60 da 120, fuloti biyu ke nan. In filinka ya fi haka sai ka ƙaro waya, akwatin zai ɗauka. Ba a yi mata rami mai zurfi, inci ɗaya zuwa uku ya wadatar. Inda aka yi daɓen siminti, a tsaga siririn layi a kwantar da ita a shafe. Inda aka shimfiɗa intalok, a ɗaga duwatsun a bi ta ƙarƙashi. Inda tayar tirela za ta riƙa takawa kuwa, lallai a zura ta cikin bututun roba mai ƙwari. Kada a jera ta kusa da wayar wutar gida, in dole ne su haɗu to ta gitta ta a miƙe. Idan kuma wani abu ya tsinke ta, akwatin da kansa zai yi ta ƙara har sai an gyara. Na ce muku abin nan akwai basira a ciki.

Sai batun wuta, wanda shi ne gwajin kowace na'ura a ƙasar nan. Kayan da aka yi wa kasuwar Amurka na bolt 110 zuwa 120 ne, tamu kuwa 230 ce. Ko dai ka yi odar wanda aka yi wa Ingila da Turai, ko ka haɗa shi da na'urar rage ƙarfin wuta, in ba haka ba ranar farko za ka ji ƙauri. Kuma da an ɗauke wuta shingen ya tafi hutu. Abin daɗin shi ne akwatin ba ya shan wuta sosai, ƙaramar inbata ko sola ta ishe shi. A haɗa masa da na'urar kariya daga tsawa, domin daminar Legas ba ta wasa, kuma a kafa shi sama da inda ambaliya ke kaiwa. Abin wuyan ba ya jin ruwa, batirinsa kuma irin mai bolt 9 ne da ake samu a shago. A riƙa duba shi, kada ya mutu ba a sani ba.

Amma duk wannan ƙarfe ne da roba. Ran abin yana wurin horo. Kwalin yana da ƙananan tutoci 50 da ake kakkafawa a kan layin wayar, don kare ya ga iyakar da idonsa. Sai ka riƙe shi da igiya, ka kai shi kusa da tuta, da ya ji ƙara ka ja shi baya, ka yaba masa, ka jefa masa ɗan nama. A kwanakin farko ƙara kawai ake kunnawa. Minti 10 zuwa 15 a kowane zama, kullum, har kamar mako biyu, daga nan a riƙa cire tutocin da ɗaɗɗaya. Wanda ya tsallake wannan mataki ya zubar da kuɗinsa, ya kuma tsorata dabba a banza. Kada a sa wa ɗan kwikwiyon da bai kai wata shida ba abin wuyan. Kada ya wuce awa 12 a wuyan kare a rana, saboda kada ƙarafan abin wuyan su ci masa fata. Kada kuma a ɗaura igiyar ja a jikin abin wuyan. Wanda ya bi ƙa'ida zai ga abin da na gani: kare mai wayo da ya ji ƙara ya juya, tsunkulin ma ba ya kaiwa gare shi.

Na san akwai masu suka, kuma ba zan ɓoye ba. Yankin Wales na Birtaniya ya haramta abin wuyan da ke jan kare da lantarki tun 2010, masu kare haƙƙin dabbobi da yawa kuma ba sa son sa. Ina girmama tausayinsu. Sai dai ina roƙonsu su zo su ga karen da ya shekara a ɗaure da sarƙa a jikin tayar mota, wuya duk ya saɓule, sa'an nan su ga Duna yana sintiri a sake. Akwai kuma abubuwan da wayar ba ta yi. Ba ta hana ɓarawo ko karen titi ko yaro shigowa, don haka katanga da get suna nan a matsayinsu. Masu yin ta da kansu sun yi gargaɗi cewa ba a yi ta don kare mai cizon mutane ba, irin wannan kejinsa ya fi masa. Ba ta kuma maye gurbin allurar rigakafin haukan kare, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe mutane kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya. A kai kare wurin likitan dabbobi a kan lokaci.

Hausawa suka ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Zaman Legas ya haɗa mu da karnukan da kakanninmu ba su sani ba, a filayen da ba mu muka tsara su ba, ga shi kuma an samu dabarar da ta dace da zaman. Ina kira ga masu filayen motoci a Apapa, da masu gidajen da ke da maigadi da kare a harabar gida ɗaya, da 'yan'uwanmu masu kiwon raguna a Agege da ke son kare ya yi gadi ba tare da ya kutsa cikin garke ba: ku nemi wannan waya. Ku kuma samarinmu masu aikin wayarin da haɗa sola, ga sana'a ta zo har ƙofa. Ku koyi kafa ta da horar da kare a kanta, domin duk mai karen da ya ga Duna a bakin get sai ya tambayi wanda ya yi mana aikin. In da ana ba da maki ɗari, ni na ba ta ɗari cif, na kuma ƙara mata da goro!