Ƙidayar Ambato a Matsayin Ma'aunin Manazarci

Tun da Eugene Garfield ya fito da kundinsa na Science Citation Index a Amurka cikin 1964, aka samu hanyar auna manazarci da lissafi, wato sau nawa aka ambaci aikinsa, kuma da su wa ya haɗa hannu wajen rubutu. A 2005 Jorge Hirsch ya dunƙule ƙidayar ambaton ta zama lamba guda: wanda yake da maƙala goma, kowacce an ambace ta aƙalla sau goma, to, lambarsa goma ke nan.

A ganinmu wannan ma'auni bai dace da nazarin Hausa ba, ga shi kuwa ana dubansa wajen ƙarin girma. Maƙalar da aka rubuta da Hausa ba kasafai take shiga irin waɗannan kundaye ba, komai yawan ɗaliban da suka ƙaru da ita. Batun haɗin gwiwa ma ya fi muni, domin sunan da ke bangon littafi kaɗai ake ƙirgawa. Ƙamusun Hausa na 1949 yana ɗauke da sunan R. C. Abraham da na Malam Mai Kano. A bugu na biyu, na 1962, sunan Abraham ne kawai ya rage. Duk wanda ya ambaci wannan bugu, Abraham ya ƙara wa lamba.