Kunne ne Alƙalin "Karen Mota"

Kwanan baya a wata walimar sauka nan Naraguta, wani ɗalibin jami'a ya ce wai waƙoƙin Ɗan Maraya Jos ba su cika waƙa ba, tunda ba su da amsa-amo. Muka yi shiru don kunyar masu gida, amma maganar ta tsaya mana a rai.

Mun san inda ya dosa. A aji an nuna masa "Arewa Jamhuriya ko Mulukiya" ta Sa'adu Zungur, mutumin Bauchi, inda baitoci ke sauka a kan "ya" tun daga farko har ƙarshe, gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi kuma an auna su da ma'aunin aruli. Gwaninta ce, ba musu. To amma wannan awon rubutacciyar waƙa ne.

Mu ɗauki "Karen Mota". In ka kwafe ta a takarda, layukan ba su zo daidai ba: wani dogo, wani guntu, ƙarshensu kowa da inda ya nufa. Saka kaset ɗin kuwa, sai ka ji babu gaɓar da ta faɗi a ƙasa. Karin yana hannun kuntigi, ɗan abin nan mai tsirkiya ɗaya. Inda kalmomi suka yi yawa sai marigayin ya matse su, inda suka gaza sai ya ja wasali har kiɗan ya iso. Shi ya sa mai karanta ta da ido kawai yake ganin kamar ta karye.

Maimaicin ma aiki yake yi. Narambaɗa da Shata suna da 'yan amshi. Ɗan Maraya shi kaɗai yake tsaye. Saboda haka shi ke faɗa, shi ke komawa ya sake faɗa, kuntigi ya amsa masa a tsakani. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Bauchi Road ya ji yaran mota suna nanata sunan gari guda har murya ta dushe, ya san inda wannan salo ya dace da mutumin da ake wa waƙar.

Gaskiya a wasu waƙoƙinsa na yabo nanatawar kan yi tsawo har ta gundure mu. A nan kam ba ta yi ba.

Ya rasu a 2015. Matasanmu da ke cusa "ya" a bakin kowane layi, ko ma'ana ta yarda ko ba ta yarda ba, su nemi kaset ɗin su tafa hannu tare da kiɗan, su ƙirga.